Rigakafin Ciwon Hanta: Shekara Nawa Yake Tsare Mutum?



An tambaye mu: wanda aka yi wa allurar ciwon hanta nau'in B yana jariri, shin sai an sake masa in ya girma? A'a, muddin an cika masa adadin. Binciken da aka soma a Alaska ta Amurka a 1981 ya tarar kariyar tana nan bayan shekara 30, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ce a ƙara wa mai lafiya wata ba. Jiki ba ya mantuwa. Kamar mahaddaci ne, da an ja masa baki sai ya ɗauka. Irin su masu wankin ƙoda ne ake sake dubawa.

Damuwarmu daban ce. Sai a 2004 allurar ta shiga rigakafin yara a Nijeriya. Ke nan mu da muka riƙe alli, da ɗaliban da muka koyar, yawancinmu ba mu samu ba, ga shi askar wanzami ɗaya ta bi kawunanmu. A fara da gwajin jini, domin allura ba ta warkar da wanda ya riga ya kamu. In babu cutar, a karɓi uku: yau, bayan wata ɗaya, sannan a wata na shida.

Jikokinmu da ake haifa a gida kuwa, cikin awa 24 ake son ta farko, ba bayan suna ba, domin cikin jarirai goma da suka kamu, kusan tara cutar zama take yi. In an yi muku albishir ɗin haihuwa, ku tambaya ko an kai jaririn asibiti. Kankiya ba nisa.