Mai Tuba Daga Giya Ya Nemi Abokan Tafiya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya bar ƙofar tuba a buɗe. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu saurare, daga Madarumfa har Ɗan Isa da Gabi da Safo, yau za mu yi magana a kan ɗan'uwanmu da aka jarrabe shi da shan giya, ko ta kwalba ko burkutu. Azumi ya kama, ya ajiye, ya shigo sahu. Abin tambaya shi ne: da wa zai zauna bayan Salla?

Haramcin giya ba shi da jayayya. Amma ku dubi yadda Allah Ya yaye sahabbai daga gare ta. A Suratul Baƙara aka sanar da su cewa zunubinta ya fi amfaninta. A Suratun Nisa'i aka hana su kusantar salla cikin maye. Sai a Suratul Ma'ida aka yanke hukunci. Ranar nan Anas ɗan Malik yana shayar da mutane a gidan Abu Ɗalha, aka ji mai shela, aka tuntsurar da tuluna har ta kwarara a titunan Madina. Jama'a guda suka bari, kowa na ƙarfafa ɗan'uwansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya kashe rai ɗari, ya nemi tuba. Malamin da ya yi masa fatawa bai tsaya ga yi masa bushara ba, sai da ya umurce shi ya bar garinsu ya koma cikin masu bautar Allah. Haka mashayi yake. In ya tuba da dare, da safe ya koma majalisar jiya, to zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Wanda ya fi kowa sanin nauyin wannan kaya shi ne wanda ya taɓa ɗaukarsa ya sauke. A shekarar 1935, a garin Akron na Amurka, mashaya biyu, ɗan kasuwa da likita, suka lura cewa in sun zauna suna gaya wa juna gaskiyar halinsu, sha'awar giya takan lafa. Daga nan aka sami ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda ta bazu a duniya. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a fitar da sunan kowa. Hikima kayan mumini ce da ta ɓace. Mu ɗauki abin da ya dace da shari'a, domin nasiha da rufin asiri gadonmu ne.

To, ya kai mai son bari, ga hanya. Da farko ka je likita, ko ta unguwa, ko babbar likitar Madarumfa, ko Maraɗi, ka faɗi gaskiyar abin da kake sha. Wanda ya daɗe yana sha kullum, in ya yanke farat ɗaya, yana iya samun makyarkyata da gumi da ruɗewa, har da faɗuwa irin ta farfaɗiya, cikin kwana biyu ko uku na farko. Wannan ciwo ne mai iya kisa, magani yake so. In likita ya ce ka sha ruwa, ka sha, ka rama daga baya.

Sannan ka sami liman ko dattijon da ka amince da shi, ka roƙe shi ya haɗa ka da waɗanda suka riga ka bari. Ko mutum uku kuke, kun isa majalisa. Ku tsai da rana guda a mako, bayan isha'i, a zaure ko ɗakin karatu. Kowa ya faɗi yadda ya kwana da jarrabawarsa, saura su saurara ba gori. Abin da aka faɗa nan amana ne, ba a kai shi kasuwa ko gindin mai shayi. Ka riƙe lambar wayar ɗayansu, in zuciya ta motsa tsakar dare ka kira shi kafin ka sa takalmi. In ka zame, mako mai zuwa ka komo; kunyar zuwa ita ce igiyar Shaiɗan. Mata kuma su yi nasu zama da malamarsu.

Mu kuma jama'ar masallaci, mu tsare harshe. An sha kawo wani sahabi gaban Manzon Allah saboda sha, wani ya tsine masa, Manzo ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. In muka ga irinsa a sahu, mu matsa masa wuri, mu kira shi buɗa-baki, mu taya shi neman sana'a.

Allah Ya karɓi tubanmu, Ya shiryi zuriyarmu, Ya sa muna cikin ƴantattun wannan wata. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.