Malamin Firamare: Wa Ya Cancanci Riƙe Alli?



An nemi in yi magana a kan hanyar zama malamin firamare. Na san da yawanku na ganin wannan aiki sai wanda ya rasa abin yi. Ina roƙon ku ku ba ni aron kunnuwanku kaɗan.

Mu soma da tarihi. A shekarar 1909 ne Hanns Vischer, wanda Kanawa ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nassarawa, bayan ganuwa, kuma horar da malamai na cikin manyan ayyukanta. A 1921 Kwalejin Katsina ta fara ɗaukar ɗalibai don ta samar wa Arewa malamai. Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa can suka yi karatu, kuma duk sun riƙe alli kafin su riƙe mulki. Malam Aminu Kano, ɗan unguwar Sudawa a nan cikin birni, ya koyar a Bauchi da Maru. Ashe ke nan malanta ba ta taɓa zama aikin ƙasƙanci a ƙasar nan ba.

A wancan zamani, wanda ya fito daga kwalejin horon malamai da takardar shaida mai daraja ta uku ko ta biyu ya isa ya koyar a elementare. Da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta a 1976, yara suka cika makarantu, malamai suka yi ƙaranci, aka riƙa ɗaukar duk wanda aka samu ana ba shi horo na gaggawa. Saboda wannan giɓi ne aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, don masu koyarwa su ƙaro ilmi ba tare da sun bar aji ba. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 kuwa ta ce nan gaba takardar NCE za ta zama mafi ƙarancin shaidar malanta, kuma haka abin yake a yau.

To, matakan su ne waɗannan. Na farko, sakamako mai kyau a jarrabawar gama sakandare. Na biyu, shekara uku a kwalejin ilmi, tare da gwajin koyarwa a aji na gaskiya, malamanka na lura da kai. Wanda ya yi digiri a fannin ilmi ya wuce wannan mataki. Amma ku lura, 'yan'uwa: wanda ya yi digiri a tarihi ko kimiyya zalla, doka ba ta ɗauke shi ƙwararren malami ba sai ya ƙara difloma ta koyarwa, watau PGDE. Na uku, rajista da hukumar TRCN, wadda aka kafa a 1993, da cin jarrabawarta. Sa'an nan sai neman aiki a hukumar ilmin bai-ɗaya ta jiha.

Sai dai takarda kaɗai ba ta koyarwa. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa, fiye da 21,000 suka faɗi. An yi ta gardama a kan yadda aka shirya ta, amma darasin bai ɓuya ba. Wanda zai tsaya gaban yara a Shahuci ko Gidan Makama, sai ya iya karatu da rubutun Hausa daidai, ya san yadda ake kai yaro daga baƙi zuwa kalma, ya kuma yi haƙuri da aji mai cunkoso. Yaron cikin birni ya riga ya saba da allo da tawada tun kafin ya shigo boko; malamin kirki a kan wannan tushe yake ɗora gininsa.

Ba zan ɓoye muku ba, albashin bai taka kara ya karya ba, kuma wajibi ne ƙungiyarmu ta riƙa faɗa wa hukuma haka. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan masu ilmi irinku suka guje wa aji ɗaya, wa za mu bar wa ƙannenmu?