Macuta Masu Shigar Burtu Da Sunan Gyaran Kwamfuta



Maharbi ba ya tunkarar tsuntsu da kamanninsa, sai ya yi shigar burtu. To, haka waɗansu macuta su ke zuwa mana da sunan ma'aikatan Microsoft, wai sun hango cuta a kwamfutarmu. Wannan zamba ta fara bayyana ne wajen 2008 a ƙasashe masu magana da Turanci, yawancin masu bugo wayar kuwa daga Indiya aka gano su. A 2023 kaɗai, ƙorafe-ƙorafen da hukumar FBI ta Amurka ta karɓa sun nuna asarar fiye da dala miliyan 900, kuma tsofaffi ne suka fi shan wuya.

Wani lokaci waya za su bugo, wani lokaci kuwa muna cikin karatu a intanet sai gargaɗi ya rufe allo, da jiniya da lambar waya, wai mu kira maza kafin komai ya salwanta. Da mun kira, sai a sa mu buɗe Event Viewer, watau littafin da Windows ke rubuta abin da ya gudana a cikinta. Nan za mu ga jerin jajayen alamu, gabanmu ya faɗi, alhali kuwa lafiyayyar kwamfuta ma ba ta rasa irinsu. Sa'an nan a ce mu sauke AnyDesk ko TeamViewer. Waɗannan kayan aikin halal ne, amma wanda ya ba baƙo lambar shiga, lalle ya miƙa masa mabuɗin ɗaki, da kundin digirin da ke ciki da asirin banki duka.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne dawowarsu. Bayan 'yan watanni sai su ce za su mayar mana da kuɗinmu, su sauya alƙaluman da ke kan allo har mu ga kamar sun zuba fiye da kima, macucin ya yi ta magiya wai za a kore shi daga aiki. Tausayi ke nan ya zama tarko. Rarar da ba ta taɓa shiga ba, ita za mu biya da katin Google Play, domin da wuya a bi sawunsa.

Microsoft da kansa ya bayyana cewa ba ya kiran wanda bai neme shi ba, kuma gargaɗinsa na gaskiya ba ya ɗauke da lambar waya. Saboda haka in allo ya cije, mu rufe shafin, in ya ƙi mu kashe na'urar. Wanda kuwa ya riga ya buɗe musu ƙofa, to, ya katse intanet, ya goge abin da suka sa ya sauke, ya sauya kalmomin sirri daga wata na'ura dabam, ya sanar da bankinsa a ranar, kada kunya ta hana shi.