Ciwon Gwiwa Bayan Shekara Arba'in: Dauriya da Ƙullin Magani

 

Da nake shigowa zauren nan na lura da mutum huɗu ko biyar da suka dafa kujera kafin su zauna, har ɗaya ya ce "wash" a hankali, yana zaton ba wanda ya ji. Na ji, ranka ya daɗe, domin ni ma nakan faɗa. In ka tambayi irinmu ya jiki, amsar ɗaya ce: da sauƙi. Bahaushe ya ɗauki dauriya ado, kuma ado ce, sai dai yau na zo in yi ƙorafi a kan inda take kai mu.

Abin da muke kira sanyin ƙashi, galibi amosanin gaɓɓai ne. A bakin kowane ƙashi da ke haɗuwa da wani a gaɓa akwai guringuntsi mai santsi da ke hana shi gogar ɗan'uwansa. Shekaru, nauyin jiki, tsohon targaɗe da aikin durƙuso su ke cinye shi sannu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da wannan ciwo, kashi 60 cikin ɗari mata ne, kuma gwiwa ce ya fi kamawa.

Ina da yaya, shekararta hamsin da 'yan kai, tana tuyar ƙosai. Tun asuba tana kan 'yar kujera, gwiwa a lanƙwashe. Wata rana na ga ta kwance bakin zane ta ciro ƙullin leda mai ƙwayoyi huɗu: fara, ja, rawaya, da wata 'yar mitsitsiya. Na ce, "Yaya, mene ne sunansu?" Ta ce, "Haɗi ne, yaron kemis ke ba ni, kuma wallahi yana yi." Yana yi kam, a nan matsalar take. Shekara biyu tana sha, sai fuska ta cika, mutane na ce mata ta yi kyau. Da aka auna ta, jini ya hau, sukari ya hau.

Irin wannan haɗi yakan ƙunshi diclofenac ko ibuprofen, wani lokaci duka biyun, alhali aikinsu ɗaya ne, haɗa su ƙarin haɗari ne kawai. In aka daɗe a kansu suna kawo gyambon ciki, su ɗaga hawan jini, su raunana ƙoda. 'Yar mitsitsiyar kuwa sau da yawa dexamethasone ce ko prednisolone, masu kumbura fuska, su tayar da sukari, su rage ƙarfin ƙashin da ake son a ceta. Ita ƙoda ba ta kuka da wuri. Kafin ta yi magana an kusa zancen wankin ƙoda. Batun tramadol ba sai na faɗa ba, kowa ya ga abin da ta yi a unguwarsa.

To, me za a yi? Abin da mutane ba sa son ji shi ne motsi. Gwiwar da aka ajiye saboda tsoron ciwo, naman cinya yakan saki, nauyi ya koma kan gaɓar. Tafiya a ƙasa mai laushi da motsa jikin da likitan gashin ƙashi zai koya maka suna rage ciwo ƙwarai. Kilo ɗaya da ka sauke yana rage wa gwiwa kimanin kilo huɗu a kowane taku. Sanda ba abin kunya ba ce, a riƙe ta a hannun da ke gefen ƙafar da ba ta ciwo. Wanda sujada ke sa shi hawaye, shari'a ta ba shi damar yin salla a zaune, kada ya fi addini tsanani.

Gwiwa in ta kumbura da zafi da zazzaɓi, ko ciwon baya ya zo da mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari, wannan ba na jira ba ne, asibiti ne a ranar.

Roƙona gare ku: duk mai ƙullin leda a aljihu ko a bakin zane, ya kai wa likita ya gani a makon nan, a auna masa jini da sukari da ƙoda. Ku kuma 'ya'ya, in Baba ya ce da sauƙi, ku sake tambayarsa.