Iskar da Muke Shaƙa a Cikin Jirgin Sama: Lacca ga Maniyyata

Malamai, iyayen ƙasa, maniyyata maza da mata da kuka taso daga Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, da ku masu masaukinmu mutanen Kasuwar Daji, ina yi muku barka da zuwa.

Malamai sun gama bayani a kan ihrami da ɗawafi. Ni nawa bayanin ya shafi awa huɗu zuwa biyar ɗin da za ku yi a zaune tsakanin Sakkwato da ƙasa mai tsarki, a cikin ɗakin da ba a buɗe masa taga.

Jirgin da zai ɗauke ku yakan haura ƙafa 35,000 daga ƙasa. A can iska ba ta da kauri. Wanda ya shaƙe ta haka nan, kafin minti ɗaya hankalinsa ya gushe. Don haka a yawancin jirage daga injin ake janyo iska, a sanyaya ta, a tura ta cikin ɗakin fasinjoji da ƙarfi. Wajen rabinta sabuwa ce daga waje, sauran kuma ta ciki ce da ake sake tacewa, kuma duk bayan minti biyu ko uku iskar ɗakin ta canza baki ɗaya. Aibinta shi ne bushewa. Kun san yadda hunturu yake fasa leɓe a watan Janairu. To, haka take. Ku yawaita shan ruwa, musamman dattawa. Na san wasu na ƙin sha don gudun shiga bayi. Wannan dabara ce mai cutarwa.

Tunda iskar ta injin take biyowa, idan man inji ya ɗiga wani wuri, wari yakan shigo ɗaki, wani lokaci har da hayaƙi-hayaƙi. Masu aikin jirgi suna kwatanta warin da na safar da ta daɗe ba a wanke ba. Yana sa ciwon kai da jiri da tashin zuciya. Matuƙi yana da hanyar toshe bututun da warin ke biyowa, yana kuma iya sauka a filin jirgi mafi kusa, amma sai labari ya kai masa.

A nan ne halinmu yake ba ni tsoro. Mu mutane ne masu kunya da kara. Tsohuwa za ta ji ƙaurin wuta a ƙarƙashin kujerarta, ta ja mayafi ta rufe hanci ta ci gaba da tasbihi, don kada a ce baƙauya ce. Wallahi wannan shirun ba alheri ba ne. Akwai ɗan maɓalli a saman kanki, Hajiya, ki danna. In Turanci ne matsalar, ki nuna hancinki ki nuna wurin, ko ki taɓa jami'in alhazan da ke kusa. Gara a duba sau goma a ga ba komai.

Dattawan da ke nan ba su manta da ranar 11 ga Yuli, 1991 ba, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato. Jirgin da Nigeria Airways ta yi haya daga kamfanin Nationair na Kanada ya taso daga Jidda da alhazai zuwa Sakkwato. Tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, suka fashe wajen tashi, suka kama da wuta, aka naɗe su cikin cikin jirgin da wutar a jikinsu. Hayaƙi ya shiga ɗakin fasinjoji, jirgin ya faɗi kafin ya koma filin. Mutum 261 ne a ciki, ba wanda ya fita. Allah Ya jiƙansu. Alhazan nan ba su da laifin komai. Sakacin masu kula da jirgin ne. A 1980 kuma, wani jirgin Saudiyya da wuta ta tashi a ɗakin kayansa ya dawo ya sauka lafiya a Riyad, amma aka yi jinkirin buɗe ƙofofi, hayaƙi ya kashe duk mutum 301 da ke ciki. Duk wanda ya taɓa jin labarin masu kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki ya san hayaƙi yakan riga wuta kisa.

Saboda haka turaren wuta da sigari haramun ne a jirgi, ko da a cikin bayi. Batirin cajin waya kuma a jakar hannu ake riƙe shi. In ka ji ya yi zafi ko ya kumbura, kira ma'aikaciya nan take.

Idan iskar ɗakin ta zube, wani ɗan ƙoƙo mai robar numfashi zai faɗo daga saman kanka. Ja shi, ka ɗora a hanci da baki, ka fara da kanka kafin ka taimaki na kusa da kai, ko da mahaifiyarka ce, domin wanda ya suma ba ya ceton kowa. Iskarsa takan kai kamar minti 12, kuma wannan ya ishi matuƙi ya sauko zuwa ƙafa 10,000 inda ake numfashi ba tare da shi ba. Za ku ji jirgin yana gangarowa da sauri. Da gangan ake yi. In kuwa hayaƙi ne ya cika wurin, ƙoƙon ba ya tare shi. Jiƙa gefen haraminka ko mayafinki, a rufe hanci, a duƙa ƙasa-ƙasa, a bi umarnin ma'aikata, a bar jaka a inda take.

Roƙona ga Hukumar Alhazai ta Ƙasa da ta jiharmu shi ne a riƙa yin wannan bayani da Hausa a kowane jirgi kafin ya tashi, a kuma sa shi cikin bita a kowace ƙaramar hukuma. Ku kuma da kuka saurara, ku kai wa 'yan'uwanku da ba su samu zuwa ba. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo mana da ku lafiya, Ya sa a yi karɓaɓɓiya.