Maƙeranmu da Ƙarfen da Ba Ya Tsatsa
(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)

 

Kowa ya san garinmu da ƙira. Kakanninmu sun ƙera garma da lauje, sun ƙera wa maharba bindigar toka. Amma a yau mai son injin markaɗe ko tukunyar sarrafa madara, birni yake nufa, domin masu saye sun fi son ƙarfen da ba ya tsatsa, shi kuwa ya gagari yawancin maƙeranmu.

Asalin wannan ƙarfe daga aikin bindiga yake. A shekarar 1913 wani masani mai suna Harry Brearley, a birnin Shefil na Ingila, yana neman ƙarfen da zai hana cikin bututun bindiga saurin cinyewa, sai ya gano cewa wanda aka haɗa da sinadarin kuromiyam mai yawa ba ya tsatsa. Irin wanda aka fi yin kayan abinci da shi, mai lamba 304, yana ɗauke da kuromiyam kashi 18 cikin 100 da nikel kashi 8. Ban zo in yi kiran a koma ƙera bindiga ba, domin dokar ƙasa ta hana yin haka ba da izini ba. Ilimin huda ƙarfen da yi masa tiredi nake so mu ɗauka.

Halinsa biyu ne ke wahalar da ma'aikaci. Na farko, ba ya saurin watsa zafi, sai zafin ya taru a bakin mahudi ya ƙone shi. Na biyu, idan mahudi yana gogarsa ba ya yanka, wurin sai ya ƙara tauri nan take. Shi ya sa yaro kan ƙara wa inji gudu, ya dakusar da mahudi uku, rami bai fita ba. Maganinsa a rage gudun inji, a danna da ƙarfi ba sassautawa, a riƙa zuba mai, kuma a nemi mahudi mai kaifi wanda aka haɗa da sinadarin kobal.

Wajen tiredi kuwa, sannu ba ta hana zuwa. Idan kusar mai milimita 6 ce, ana huda ramin milimita 5, ko a ɗan ɗara kaɗan saboda taurin ƙarfen. A tsayar da abin yanka tiredin sak, a murɗa rabin zagaye, a ɗan koma baya don ɓarɓashin ya karye. Idan ya karye a cikin rami, sau da yawa aikin ya lalace ke nan.

Roƙona ga 'yan uwa mazauna birane shi ne mu haɗa hannu mu sayi injin huda na girke guda ɗaya da kayan tiredi, a ajiye a hannun Sarkin Maƙera, sannan mu ɗauki nauyin matasa biyu su koyo aikin a kwalejin fasaha su dawo su koyar. In ba mu yi ba, 'ya'yan maƙera za su ci gaba da barin zuga-zugi suna tafiya acaɓa.

Allah Ya ɗaukaka garinmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.