Zazzabin Lassa: Sa-ido Daga Gidajenmu Yake Farawa

Jawabin da kwamitin lafiya na ƙungiyarmu ya gabatar a taron farkon rani, a unguwar Barunde, Gombe



Ranka ya daɗe Mai Unguwa, Allah gafarta Malam Liman, shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, iyayenmu maza da mata, yayye da ƙanne, muna yi wa kowa barka da zuwa, da fatan an baro gida lafiya.

Bayan haka, da aka ɗora mana nauyin wannan jawabi, wasu daga cikinmu sun so a yi magana a kan kwatoci da shara kamar yadda aka saba. To amma da muka zauna sai muka ga kaka ta wuce, amfanin gona ya shigo gida, hunturu ya kunno kai, wato dai lokacin zazzabin Lassa ya zo, domin daga watan Disamba zuwa Afrilu ne cutar ta fi yaɗuwa a ƙasar nan. Jihohin Bauchi da Taraba, waɗanda muke iyaka da su, suna cikin waɗanda suka fi fama da ita, tare da Ondo da Edo can kudu, kuma mu ma nan Gombe takan leƙo mu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Abin ya shafe mu fiye da yadda muke zato. Akasarinmu, ko mu ko iyayenmu, neman abinci ne ya taso mu daga Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato muka zauna a garin nan, kuma har gobe da yawa daga cikinmu da hatsi muke ci da iyali. Wani yana da shago a Tudun Hatsi, wani dillali ne, wani ɗan dako, wani kuma ya mayar da ɗaki guda a gidansa sito. Inda hatsi yake kuwa, nan ɓera yake. Ga shi kuma gidajenmu ba sa rabuwa da baƙi, yau wannan ya sauka daga gida, gobe wancan ya tafi ganin gida.

Sunan cutar ya samo asali ne daga garin Lassa da ke kudancin Jihar Borno, can gaba da Biu. A shekarar 1969 wata ma'aikaciyar jinya 'yar Amurka mai suna Laura Wine ta kwanta da wani zazzabi da ba a gane kansa ba, aka kai ta asibiti a Jos, ta rasu. Wadda ta yi jinyarta ita ma ta kamu ta rasu. Daga nan aka bincika aka gano ƙwayar cutar, irin wadda likitoci ke kira bairos, wadda maganin maleriya ko na taifot ba ya taɓa ta. Wani irin ɓera ne mai nonuwa da yawa ke ɗauke da ita, shi ba ta kashe shi, amma tana fita a fitsarinsa da kashinsa. In ya bi ta kan garin tuwo, ko shanyar da muka yi a ƙasa, ko kwanon da aka bari a buɗe, shi ke nan. Daga wanda ya kamu kuma tana iya tsallakawa zuwa mai jinya ta hanyar jini, da amai, da fitsari, da bayan gida.

Abin da ya sa ta zama mugun baƙo shi ne da sallamar maleriya take shigowa: zazzabi, ciwon kai, kasala, ciwon maƙogwaro, ciwon ƙirji ko ciki, amai da gudawa. Zubar jini ta hanci ko dasashi da kumburin fuska, waɗanda mutane suka fi sani, sai abin ya yi nisa suke bayyana, wani ma har ƙarshe ba za a gan su a jikinsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 10 da suka kamu, kamar 8 ba sa jin komai ko kuma abin ya zo musu da sauƙi. Amma cikin waɗanda ciwon ya tsananta har aka kwantar a asibiti, kamar 15 cikin 100 kan rasu, kuma wajen ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tashi kan samu matsalar ji. Ga mai tsohon ciki abin ya fi muni, domin a watanni ukun ƙarshe, a fiye da 80 cikin 100 akan rasa ɗan, ko uwar, ko duka biyun. Babu allurar rigakafin da ake yi wa jama'a tukuna. Akwai dai magani mai suna Ribavirin da likitoci ke bayarwa tare da ƙarin ruwa da sauran kulawa, kuma an fi sa ran amfaninsa in an fara cikin kwana 6 na farko. Jama'a, a riƙe wannan kwana 6 ɗin, domin a nan maganarmu take.

Da izinin iyalinsa, za mu tuna muku abin da ya sami wani ƙanenmu ɗan dako bara waccan. Kwana tara yana kwance da zazzabi. Aka yi masa allurar maleriya a kemis, bai sauka ba. Aka ce taifot ne, aka sake wasu ƙwayoyi, aka haɗa da jiƙo. Mahaifiyarsa ke kwashe amansa da hannunta. Mu da muke tsaye a gabanku mun shiga mun duba shi, muka ce Allah ya sauwaƙe, muka sa takalmanmu muka fito, ba wanda ya ce a tafi asibiti. Sai ran na goma, da aka ga jini a bakinsa, aka ɗora shi a acaɓa, wani ya riƙe shi ta baya. Gwaji ya nuna Lassa ce. Allah ya yi da sauran kwana, ya tashi, amma har yau in za ka yi masa magana sai ka zagaya ta kunnen dama. Aka bi mutanen gidan da ɗan acaɓar ana auna su, Allah ya tsare ba wanda ya kamu. To amma fa sai da mahaifiyarsa ta yi wata uku tana suya ƙosai yana kwantai, don mun daina saye. Laifi biyu muka yi a gidan nan: muka yi shiru lokacin da ya kamata mu yi magana, sannan muka guje su lokacin da ya kamata mu tsaya musu.

Yanzu bari mu yi bayanin yadda aikin sa-ido yake tafiya, don a cire tsoro. A kowace ƙaramar hukuma, har da 11 da muke da su a Jihar Gombe, akwai jami'in da aikinsa shi ne tattara labarin cututtuka masu yaɗuwa. Ɗakin shan magani ko asibiti in suka ga wanda suke shakka a kansa, shi suke sanar wa, shi kuma ya sanar da ma'aikatar lafiya ta jiha, jiha ta sanar da hukumar NCDC a Abuja. A ɗebi jinin mara lafiya a kai gwaji. In ta tabbata, sai a rubuta sunayen waɗanda suka taɓa shi ko suka yi jinyarsa, a riƙa auna zafin jikinsu kullum har kwana 21, domin iyakar kwanakin da cutar kan yi a ɓoye ke nan kafin ta bayyana. Wanda zazzabi ya taso masa a tsakani, a fara masa magani nan take. Wanda ya cika kwanakin lafiya, an sallame shi. Ba kamu ba ne, ba tara, ba kuma ruwansu da tambayar daga wane gari ka zo. Sai dai wannan sarƙa duk tsawonta, zoben farko a cikin gida yake. Jami'i ba ya ganin abin da ke bayan labule, likita kuma wanda aka kai masa kaɗai yake gani.

An gwada wannan hanya a ƙasar nan an ga amfaninta. Ranar 20 ga Yuli 2014 wani matafiyi daga Laberiya ya sauka Legas da cutar Ebola. Likita Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, ita ma daga baya cutar ta yi ajalinta. Ma'aikata suka bi mutum kusan 900 gida-gida suna auna su, cutar ta tsaya a kan mutum 20, aka rasa 8, kuma ranar 20 ga Oktoba na shekarar aka bayyana cewa Nijeriya ta rabu da ita. Mu kuwa a nan Arewa me muka yi? Manyanmu sun tuna daren da waya ta dinga ƙara a watan Agusta, ana ta cewa a tashi a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Wasu suka ƙare a gadon asibiti, har aka samu rahoton rasa rai. Bin mutane ana auna su ya kashe wutar, gishiri bai kashe ba.

Mun kuma san dalilin da ya sa mutane ke ɓoye mara lafiya, kuma ba wauta ba ce. A watan Mayu 2020, lokacin korona, waɗanda aka killace a Kwadon sun fito sun tare hanyar Gombe zuwa Biu, suna kukan rashin kulawa da halin da suka baro iyalansu. Kowa a garin nan ya ji labarin. Magidancin da sai ya fita za a ɗora tukunya, in ka ce ya kai kansa asibiti a kwantar da shi, tambayarsa ta farko ita ce wa zai ciyar da yara. Wannan tambaya, in gwamnati ba ta amsa ba, ƙungiya irin tamu ce ya kamata ta amsa, don ai dalilin kafa ta ke nan.

Saboda haka kwamiti ya kawo shawarwari guda biyar gaban taro.

Na farko, ƙa'idar kwana uku. Duk zazzabin da aka sha maganin maleriya kwana uku bai sauka ba, a bar kemis a tafi asibiti, a kuma gaya wa likita gaskiya: inda aka yi tafiya, sana'ar da ake yi, da ko akwai wani mai irin ciwon a gida. Mai ciki kuwa kada a jira kwana ukun ma. Masu kemis na cikinmu, don Allah ku taimake mu, in ya dawo karo na biyu ku tura shi gaba.

Na biyu, a naɗa namiji ɗaya da mace ɗaya a kowane layi, waɗanda za a iya gaya wa magana ta tsaya a wurinsu. Su za su sanar da Mai Unguwa da ma'aikatan ɗakin shan magani. Iyayenmu mata, musamman unguwarzoma, ku kuke shiga inda mu ba ma shiga, aikin nan ba zai yiwu ba sai da ku. Akwai kuma lambar NCDC ta kyauta, 6232.

Na uku, a ware wani abu daga kuɗin wata-wata, 'yan kasuwar hatsi kuma kowa ya ajiye tiya guda, don gidan da aka kwantar da mai nema musu abinci. A ci gaba da gaisawa da mutanen gidan, a kuma ci gaba da sayen abin da suke sayarwa. Zama unguwa ɗaya ko haɗuwa a hanya ba ya sa a kamu.

Na huɗu, jinya da jana'iza. Mai jinya ya zama mutum ɗaya, ya sa safar hannu ko leda kafin ya taɓa amai ko jini, ya wanke hannu da sabulu, a kuma jiƙa kayan mara lafiya a ruwan bilic. Wanzamai su guji yi wa mai zazzabi ƙaho. In Allah ya karɓi ran wanda ake zargin cutar ce, kada a yi gaggawar wanka, a kira ma'aikatan lafiya a yi abin tare da su, domin gawar tana ɗauke da cutar. Malam Liman ya yi alkawarin yin ƙarin bayani a kan wannan bayan mun zauna.

Na biyar, ɓera. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu muke gayyatar sa. A raba sito da ɗakin kwana, a ɗora buhuna a kan katako, a toshe ramuka. Gari da shinkafa a zuba a mazubi mai murfi, randa a rufe, kwanuka a wanke kafin a kwanta, a daina shanya a ƙasa ko bakin titi. Kafin a share sito a yayyafa ruwa don kada a shaƙi ƙura. Ɓeran da tarko ya kama kada a ɗauka da hannu, a sa leda a binne shi. Yara kuma a hana su farautar ɓera in an ƙona ciyawa.

Daga ƙarshe, duk saƙon da ya shigo waya cewa an samu annoba a gidan wane, ko ga maganin da za a sha, kada a tura gaba sai an tambayi wakilin layi ko ma'aikacin lafiya. Mun sha gishiri sau ɗaya, ya isa.

Ƙanen namu yana nan zaune tare da mu yau, shi ya ce a faɗi labarinsa don kada wani ya kai kwana tara. Muna roƙon shugaba ya sa waɗannan shawarwari a gaban taro, a kuma rubuta sunayen wakilan layi kafin a tashi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya kare unguwarmu da garin da ya karɓe mu.